Babbar Rigar Shagon Kawu

Ranar da muka binne Kawu, tabarmi ba su isa ba, sai da aka aro na masallacin unguwa. Rabin kasuwar Bodinga ta zo. Ga teloli 'yan uwana, ga mahauta, ga 'yan kabu-kabu sun jera baburansu a bakin kwata, ga tsofaffin malaman makaranta waɗanda Kawu ya yi wa hoton fasfo tun suna da gashin kai. Ina zaune kusa da ƙofar zaure ina karɓar gaisuwa, kunnena kuwa yana kwasar abin da ake faɗa a bayana, don ban taɓa iya toshe shi ba.

"Allah shi jiƙan shi, mutum na mai hanƙuri," in ji wani mai hatsi.

Na kusa da shi ya rage murya. "Sai dai kwashe-kwashe. Duk wani taɓaɓɓe na garin ga abokinai na."

"To ai ga su can sun zo karɓar gado."

Suka yi 'yar dariyar da ake yi a wurin makoki, wadda ake haɗiye rabinta. Na ɗaga kai na duba inda suke nufi. Can gindin dogonyaro, nesa da tabarmi, mutanen Kawu ne a tsaitsaye. Akwai matar nan da ke ɗaure ƙafafunta da leda, da wani mai ƙonannen hannu da ke kwana a tasha, da wasu da na san fuskokinsu daga rumfunan kasuwa. Ba wanda ya ce su zauna, su ma ba su nemi zama ba. Taubashina, babban ɗan Kawu, ya sa aka kai musu gumba can inda suke don kada su matso.

Mai ƙonannen hannun ne ya ƙi. Ya ratsa mutane ya durƙusa a gaban liman, ya ɗaga hannuwa ya yi Fatiha tiryan-tiryan, ba tuntuɓe. Da ya shafa sai ya juyo gare ni.

"Tela, gobe akwai tuwo?"

Wasu suka fashe da dariya, wani ya daka masa tsawa. Ni kuwa abin da na ji shi ne kukan Inna, matar Kawu, daga bayan bangon zaure. Tun asuba take daurewa, tambayar nan ce ta karya ta. Mutum ɗaya ne a cikin mutanen Kawu bai zo ba, wani dattijon makiyayi da muke kira Baffa. Shi yana can ƙofar shago a zaune, ya ce ba ya tashi sai mai hoto ya zo ya buɗe.

Na rubuta wannan ne don na ga yadda ake saurin mantuwa. Ba a yi sadakar bakwai ba aka fara tambayar wa zai karɓi shagon.

Kawu yayan mahaifiyata ne, shi ya nema mini rumfar da nake ɗinki a cikinta, bango ɗaya ne tsakanina da shagonsa. Gajere ne, mai ƙaton ciki da ƙaramar murya, kuma ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. In ya ce a'a, ko Sarkin kasuwa ya zo sai dai ya sha shayi ya tafi. Da ƙuruciyarsa babu ango ko amarya daga nan har Shagari da ba su tsaya a gabansa ba. A cikin shagon akwai wani labule da aka zana wa gidan bene da jar mota da furanni, a gabansa ake tsayawa. A jikin ƙusa kuma akwai babbar riga shuɗiya mai aiki a wuya, da hula, waɗanda yake ara wa mutanen ƙauye in sun zo ɗaukar hoto da kayan gona. Da wayoyi suka cika gari, sana'ar ta mutu a tsaye. Kawu bai yarda ta mutu ba. Kullum sai ya buɗe, ya share, ya goge kyamara da gefen rawaninsa, ya zauna yana tsokanata.

"Tela, wandon wa kaka ɓatawa yau?"

"Na wanda ya fi ka ciniki, Kawu."

Hulɗarsa da mutanen gindin dogonyaro ta samo asali ne wata damina. An wayi gari da gawar wani mutum a rumfar masu dawa, ba wanda ya san shi. Ya ɗan jima yana kwana a wurin, ana ba shi sadaka, amma ba wanda ya taɓa tambayar daga ina yake. Kawu na cikin waɗanda suka yi masa wanka. Bayan an kwana biyu sai ga wata mata ta zo daga wajen Mandera tana neman ƙanenta, tana kwatance: dogo, baƙi, yana da tabo a goshi. Wannan ya ce shi ne, wancan ya ce ba shi ba ne. Kawu da ya wanke shi da hannunsa ma ya kasa rantsewa. Matar ta koma ba ta san ko ta yi kuka ko ta ci gaba da nema ba. Ranar Kawu bai tsokane ni ba. Da la'asar ya leƙo rumfata ya ce, "Ina da na'urar da ka riƙe huskar mutum, ina zaune ina goge ta awa madubin amarya."

Daga nan ya fara, kuma yana da tsarinsa wanda ba ya canzawa. Ba ya ɗaga kyamara a kan mutum sai sun ci abinci kwano ɗaya, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Inna ce ke tuƙa tuwon dawa a babbar tukunya, a zuba a kwanon sha da wani tsohon daro, Kawu ya ɗora a bayan kekensa. Bayan azahar za ka gan shi a ƙofar shago a durƙushe, hannunsa da na mai ƙonannen hannu a cikin miya ɗaya. Mutane na wucewa suna tofar da yawu. Na taɓa ce masa ko cokali ya riƙa sa wa, saboda cuta. Ya ce, "Kowa kag gani nan, wata ta yi naƙudatai, anka yanka mai rago. Ka bar ni in ci tuwona."

Sai mutum ya sake da shi, ya fara faɗin sunan garinsu ko na uwarsa, sannan Kawu zai kira wanzami a yi masa aski, ya kai shi famfon bayan masallaci da sabulu, ya sa masa babbar rigar nan da hula, ya tsayar da shi gaban labule. Mata kuma Inna ke yi musu, da mayafinta na zuwa biki. Hoto biyu yake wankewa. Ɗaya na mai shi, ɗaya na yawo. Na yawon yakan ba 'yan kabu-kabu masu shiga ƙauyuka, ko ranar kasuwar Shagari ya shimfiɗa su a tabarma kusa da masu goro, ya zauna yana cewa duk mai wucewa ya duba ko da nasa.

Kada in yi wa mamaci ƙarya, ba waliyyi ba ne. Hatsin gidansa yake kwasa, Inna ta yi magana ya yi kamar bai ji ba. Taubashina ya tashi yana jin ana kiransa ɗan mai mahaukata, kuma har yau abin na cinsa. Ya taɓa gaya mini cewa bai tuna ranar da ubansa ya zauna ya ci kwano ɗaya da shi ba. Gaskiya ya faɗa.

In ka tambaye ni ko aikin ya yi amfani, sai in ce kaɗan, kaɗan ƙwarai. Wanda na fi tunawa wani saurayi ne daga Sifawa. Uwarsa ta gane shi a tabarmar Shagari, ta zo da mota aka ɗauke shi, Kawu ya yi ta murna har ya saya mini tsire, abin da bai taɓa yi ba. Kafin kaka yaron ya dawo kasuwa, da shaidar marin ƙarfe a idon sawunsa duka biyu. Kawu ya dube shi, ya dubi ƙafafun, ya matsa masa wuri a bakin daro. Bai ƙara ba da labarin Sifawa ba.

Baffa ya zo daga baya. Dogo ne siriri, da sanda a kafaɗa, hannuwansa rataye a kanta yadda makiyaya ke yi. Rumfar mahauta ya zaɓa, wataƙila don warin shanu. Da yamma yakan tsaya a bakin mayanka yana kiran shanu da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, yana jira su amsa. Daga baya muka ji cewa ɓarayi ne suka kore masa garke gaba ɗaya, ya bi sawu, bai dawo da shanun ba, bai dawo da hankalinsa duka ba. Ba ya duka, ba ya zagi, ba ya roƙo. Abin da ya gagara shi ne ci. In an miƙa masa abinci sai ya kau da kai ya ce ya ƙoshi, alhali ana iya ƙirga haƙarƙarinsa ta yagewar riga.

Kawu ne ya gano kunya ce irin ta Fulani, ba ya iya cin abinci ana kallonsa. Sai ya riƙa ajiye kwano a tsakaninsu, ya juya wa Baffa baya, ya fuskanci bango, yana miƙo hannu ta baya yana ɗiba. Haka za ka gan su, dattijo biyu, ɗaya na hira da bango, ɗaya na ci a ɓoye. Na yi dariya har na soke yatsana da allura. Amma da haka Baffa ya yi ƙiba kaɗan, da haka kuma wata rana ya gaya wa bayan Kawu cewa yana da ɗiya da ke aure a wani ƙauye gaba da Kajiji.

Ranar da aka sa wa Baffa rigar, ni kaina na miƙe tsaye. Ya gyara hula da kansa, ya ɗaga haɓa, ya riƙe sandarsa a gefe. Ka rantse ardo ne ya zo gaisuwar Sallah. Da aka wanko hoton ya daɗe yana kallo, sannan ya sa shi cikin leda ya cusa a ƙirji. Na yawon kuma Kawu ya ba wani ɗan kabu-kabu mai bin hanyar Kajiji.

Ɗan kabu-kabun ya dawo da labari. An gane shi, gidan ma ya samu. Surukin Baffa ne ya karɓi hoton, ya duba, ya ce, "Tunda ya samu bene da mota, Allah shi ƙara mai. Mu nan ko tunkiya ba mu da." Ya shige gida da hoton, shi ke nan.

A nan muka yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba. Ni mai saurin baki ne, na sani. Na shiga shagon na ce, "Kawu, rigag ga ita ka ɓata maka aiki. Wa zai zo ɗaukar mutum da yag gani awa ɗan majalisa? Ka ɗauke shi yadda shike, da tsummanai, bisa kwalinai. Ka ga masu sa irin hotunan ga cikin waya, nan da nan tausai ka kama mutane."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai tela na ko mahauci?"

"Tela."

"Sana'arka ruhe jikin mutane, kai ka hwaɗa min in tuɓe dattijo in kai ma surukinai? Hoto ba shi mutuwa, yaro. In nim mutu, in Baffa ya mutu, shi ka zama. Ba ni barin jikokinai su gaji tsumma."

"To su gaji riga, shi kuma shi mutu rumfar mahauta!"

Ya nuna mini ƙofa. Muka yi kwanaki ba ma magana. A cikin kwanakin hannun rigar ya yage, ya aiko mini da ita, na mayar. Sai ya zauna a ƙofar shago inda zan gan shi, ya ɗinke ta da jan zare a kan shuɗi, ɗinki irin na buhu, yana yi yana satar kallona. Na daure har ya kai rabi, sannan na fita na fizge rigar. Ya yi dariya har da tari, ya aika a kawo shayi. Amma bai canza ra'ayi ba, ni ma ban canza ba. Ya ce in ruwa ya ɗauke zai je ƙauyen da ƙafarsa ya yi musu bayani da baki.

Ruwa ya ɗauke, ƙafafun Kawu suka kumbura. Daga keke ya koma sanda, daga sanda ya koma tabarma. A kwanakinsa na ƙarshe, in na shiga gaishe shi, kafin ya amsa sai ya ce, "Baffa ya ci?" In na ce ya ci, sai ya ce, "Ka juya mai baya?" Ranar da ya cika ma ya tambaya da safe. Ban taɓa jin ya tambayi shago ko kyamara ba.

Bayan rasuwarsa komai ya watse da sauri fiye da yadda na zata. Inna ta shiga takaba, rumbun kuma dama ya kusa ƙarewa. Taubashina ya ba wani mai cajin waya hayar shagon, ban ga laifinsa ba, yana da ƙanne da zai ciyar. Labulen aka naɗe, rigar da hotunan aka zuba a buhu aka turo mini, suna nan ƙarƙashin teburin yanka. Mutanen gindin dogonyaro suka yi ta zuwa bayan azahar suna tsayawa, suna kallon mai caji, shi ma yana kallonsu. A hankali suka rage zuwa. Matar mai leda ban san inda ta yi ba.

Baffa ne ya rage mini. Ina kawo masa abin da ya samu daga gidana, in juya baya in yi ta hira da keken ɗinki. Amma gidana ba gidan Kawu ba ne, bakuna sun yi yawa, wata rana akwai, wata rana sai haƙuri. Sannan Sarkin fawa ya kira ni ya ce za su sa wa rumfar mahauta ƙofa da kwaɗo. Ya ce don girman Kawu suka ƙyale dattijon, yanzu masu sayen nama na ƙorafi. Ya ba ni zuwa ƙarshen wata in san inda zan kai shi. Na rasa inda zan kai shi. Ɗakina ɗaya da rumfa, matata da yara a ciki.

Sai na yi abin da na daɗe ina cewa a yi. Wata safiya na same shi zaune a kan kwalinsa, rigar ta rabu biyu a kafaɗa, ƙudaje na bin gyambon ƙafarsa. Na ɗaga waya na ɗauka. Ya ji ƙarar, ya ɗago, ya jawo tsumman ya rufe gwiwoyinsa. Raina ya ɓaci, amma na ce wa kaina wannan hoton ne zai kai shi gida.

Na hau bayan ɗan kabu-kabun nan muka bi ta Shagari, muka wuce Kajiji, muka saki kwalta muka shiga turɓaya. Ƙauyen 'yan gidaje ne na kara da laka. Surukin ya tafi gona, na kuwa ji daɗin hakan. Ɗiyar Baffa ta fito bakin ƙofa da goyo, ta ajiye mini ruwa a kwanon sha, ta durƙusa gefe. Doguwa ce kamar ubanta. Na ce ni ɗan ƙanwar mai hoto ne na Bodinga, na gaya mata ya rasu.

"Allahu akbar. Allah shi gahwarta mai. Na ji shi ka ba Baffa abinci."

Na ce, "Hoton da anka kawo muku, akwai kuskure cikinai. Benen ga da motag ga zane na. Rigar ma ta aro ta. Ga yadda mahaihinki shike." Na miƙa mata wayar.

Ta karɓa da hannu biyu. Ta daɗe tana kallo, goyon na ta jan mayafinta ba ta kula ba. Na jira ta yi salati ko ta yi kuka. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta kife wayar a kan tabarma, ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da hotuna biyu. Ɗaya na Baffa ne da babbar riga. Ɗayan ya tsufa, ya koɗe: wata yarinya da lalle a hannu, tana tsaye gaban gidan bene da jar mota da furanni.

"Ni ta," ta ce. "Da aurena. Malam, wa ab bai san labulen ga ba? Maigidana ma rigag ga yas sa."

Ashe ina ta gardama da Kawu a kan mutanen da ba a ruɗe su ba ko na minti ɗaya.

"To mi yas sa yac ce..."

"Mi kaka so shi ce? Shi ce ba shi iya riƙon surukinai, gaban baƙo?" Ta gyara goyon. "Gidan ga ba namu na ba, na wanai na, mu ma gudowa munka yi. Baffa ya zauna nan dauri. Wata asuba yat tashi yak kwance maruƙan maƙwabta yak kora su daji, shina cewa nashi na. Saura kaɗan a zub da jini. Mutanen gari sunka ce ko shi ko mu. Ina da ɗiya huɗu, Malam. Ina za ni da su?"

Na ce ana shirin rufe rumfar da yake kwana. Na faɗa ne don in matsa mata, kuma na ga maganar ta shige ta. Amma kai kawai ta girgiza.

"Don Allah ka goge wanga," ta ce, ta turo mini wayar da ɗan yatsa. "Ɗiyana sun san kakansu da riga da hula. In sun tambaya sai in ɗauko in gwada musu. Wancan shi nika iya kallo. Wanga in yaz zauna cikin idona ba ni ƙara kwana."

Na goge a gabanta. Ta shiga ciki, na ji ƙarar turmi. Da ta fito ta miƙo mini dunƙulen fura a ƙulle cikin leda, da ɗumin ta. Ta ce in kai masa, kada in ce daga ina take.

A hanyar dawowa ina ta tunanin Kawu, ina jin haushinsa, ina jin kewarsa. Ko ya san haka abin yake? Wataƙila ya sani tun ranar da aka kawo amsar surukin, shi ya sa ya ɗaga tafiyar sai ruwa ya ɗauke. Wataƙila kuma bai sani ba, taurin kansa ne kawai ya faɗa daidai. Ba ni da wanda zan tambaya.

Na iso Bodinga bayan la'asar, na sami Baffa a bakin mayanka. Na ba shi ledar na ce wani ne ya yi sadaka. Ya kwance, ya kai hanci, ya gutsiri kaɗan ya sa a baki. Sai ya tsaya da tauna.

"Tela, ina kas samo wagga?"

"Sadaka ta, Baffa."

"Hurar ɗiyata ta. Ita ka cika kimba, awa uwatta."

Ya dubi hanyar Shagari, ya daɗe yana dubawa, kamar mai jiran babur na biyu. Idonsa ranar garau yake, babu alamar taɓin hankali a cikinsa, kuma na so a ce akwai.

"Da za ta zo," ya ce, "da ba ta aiko ba."

Ya zauna ya cinye furar nan gaya, ba nono ba ruwa, a gabana, ina kallonsa yana kallona.

Washegari kafinta ya zo auna ƙofar rumfa, bai sami wanda zai kora ba. Kwalin na nan, sandar da mai ita ba su nan. Wani ya ce ya ga dogon mutum ya bi hanyar Yabo, wani ya ce wajen Sifawa ne.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa abin da ya tauye wa iyalinsa, ya rufa masa asiri a inda ya je. Ya ciyar da mutane iya ƙarfin rumbunsa, da rumbun ya ƙare abin ya ƙare, ban ga wanda ya ɗauka daga inda ya ajiye ba, har da ni.

Abin da nake iya yi shi ne tambaya. Na zazzage buhun nan na samo wani hoton Baffa na uku da Kawu ya wanke ya ajiye, shi kaɗai ne hotonsa da ya rage a hannuna. Duk ɗan kabu-kabun da ya tsaya a ƙofar rumfata sai na nuna masa. Jiya wani mai bin ƙauyukan yamma ya karɓa, ya duba da kyau, har ya karkata shi wajen haske. Ya miƙo mini ya tada babur.

"A'a, tela. Masu yawo bakin hanya na gani da yawa. Amma ban ga wani Alhaji irin wanga ba."